Daga Jigo Zuwa Tukunyar Gas: Tarihin Kafireta a Fadamun Rima

Sana'ar kanikanci a Wurno da Rabah da Goronyo a kan injin ban ruwa ta tsaya da ƙafafunta. Duk yaron da aka kawo gareji, da ya gama koyon sunayen sifanoni, abin da maigida ke fara danƙa masa shi ne kafireta: ya kwance, ya wanke da fetur, ya hura, ya mayar. Mu duka ta wannan ƙofa muka shiga.

Aikinta ba ɓoyayye ba ne. Fistin na jan iska, iskar ta ratsa wani ƙuntataccen maƙogwaro, saurinta ya zuƙo fetur ta ramin jet. A ƙasa akwai ɗan kofi mai fulot da allura, su ke tsayar da mai idan ya cika. Inji na son wajen kashi 15 na iska a kan kashi 1 na fetur bisa nauyi. In mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya. In ya yi kaɗan, inji ya yi zafi, ya yi tari, ya mutu. Tun 1893 Wilhelm Maybach ya fito da wannan tsari a Jamus, kuma har yau shi ke shayar da albasar Wurno.

Iyayen gidanmu sun fara ne da babura irin su Honda da Suzuki, da Fijo 404 da 504 masu kafiretar Solex, waɗanda kamfanin PAN ya soma haɗawa a Kaduna a 1975. Injin niƙa na Lista kuwa dizal yake sha, ba shi da kafireta, famfo ne ke tunkuɗa mai ta nozul. Idan nozul ya lalace, birnin Sakkwato ake kai shi. Manomin fadama a lokacin bai san bakanike ba, jigo da ƙwarya sun ishe shi.

Shekarun 1980 ne suka sauya komai. Hukumar raya noma ta jiha, SARDA, da tallafin Bankin Duniya, ta yaɗa rijiyoyin tiyo da ƙananan injina. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, sannan shirin Fadama na farko ya biyo baya a farkon shekarun 1990. Injinan Honda da Robin da Yamaha, masu bakin inci 2 da inci 3, suka cika fadamu. Manomi ya zuba dukiyarsa a tafarnuwa ko shinkafa, in injinsa ya tsaya kwana uku a tsakiyar rani ya shiga uku. Dole bakanike ya bar inuwar gareji, ya ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur ya bi gonaki.

A nan muka gane abokan gabar kafireta. Na farko ƙurar hunturu, musamman idan mai inji ya cire soson iska ya yar. Na biyu man kwalba na 'yan bumburutu, wanda kan zo da ruwa ko tsatsar duro ko gaurayen kalanzir. Na uku ajiya: a jingine inji duk damina da mai a cikin kofi, man ya bushe ya bar danƙo ya toshe jet. Gwani a wancan zamani da kunne yake saita silo, kuma da ya duba launin fulogi ya san ciwon.

Da kayan Sin suka shigo a shekarun 2000, Jincheng da janareton Tiger da kwaikwayon injin Honda GX160, daga baya Boxer ta Indiya ta mamaye kabu-kabu, sai kafireta ta yi araha. Talaka ya samu inji, wannan alheri ne. Amma sana'a ta yi rauni, don yara sun koma masu canji: a cire tsohuwa a ɗaura sabuwa, ba a tambayi abin da ya kashe ta ba.

Motocin Beljiyam kuma suka zo da injekta, wadda kamfanin Bosch ya fara sa wa Volkswagen irinta mai aiki da lantarki tun 1967. Famfo na cikin tanki, kwamfuta ke auna mai, sukundireba ba ta da abin juyawa. Da yawa a cikinmu suka tsorata, har aka riƙa cire injekta daga Golf ana dasa kafireta. Mota takan tashi, amma shan manta ya ƙaru, direba ne ke biya.

Bugu biyu na baya-bayan nan daga mai suka zo. A 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro, alhali injin gona ba ya tafiya gidan mai da ƙafarsa. Sai janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, ta wuce 1,000 a 2024. Manoma suka fara neman kafireta mai haɗi da tukunyar gas ta girki, masu hali suka koma famfon sola, wanda ba ya buƙatar mai ko kaɗan.

Aikin gas ba ya yafe ganganci. Tiyon ruwa ba tiyon gas ba ne, a ɗaure kowace mahaɗa da kilif, a gwada yoyo da kumfar sabulu, kuma a nisanta tukunya daga salansa da zafin rana.

Kirana ga 'yan'uwa masu gareji shi ne kada mu hana yaranmu makaranta don sun iya kwance kafireta. Mu koya masu mita da waya da na'urar binciken mota tare da sifana. Ƙananan hukumomin nan uku kuma su shirya wa makanikai horo kan gas da sola kafin noman rani mai zuwa, domin manomi ba zai jira mu ba.