Fusaifisa'u da Zallij: Tarihin Adon Gilashi da Tayil a Gine-ginen Musulmi

Sana'ar jera ƙananan gutsattsarin dutse ko gilashi a jikin bango har su fitar da zane ba ta da tsayayyen suna a Hausa. Larabawa suna kiran ta fusaifisa'u, kalmar da su ma suka aro daga Girkanci, kuma da ita za a yi amfani a wannan maƙala. Abin da ya sa muka waiwayi tarihinta shi ne yadda ake yawan haɗa ta da zallij a darasin tarihin fasaha, alhali sana'o'i biyu ne masu mabambancin asali da makoma.

Rumawan Gabas, waɗanda hedikwatarsu take Ƙusɗanɗiniyya, su ne suka kai aikin gilashi ƙololuwa. Sukan shimfiɗa siririn ganyen zinariya a tsakanin gilashi biyu, su gasa, su yayyanka shi ƙanana kamar ƙwayar masara, sannan su dasa kowace ƙwaya a cikin ɗanyen shafen farar ƙasa. Ba sa daidaita fuskokin ƙwayoyin. Da gangan sukan ɗan karkata su, domin haske ya riƙa wasa a bangon yayin da mai kallo yake tafiya.

Wannan aiki ne Banu Umayya suka gada. Halifa Abdulmalik ya ƙawata Ƙubbatus Sakhra da shi, wadda aka kammala a wajen shekarar 692, ɗansa Walid kuma ya yi haka a babban masallacin Dimashƙu tsakanin 706 da 715. A Dimashƙu an zana gidaje da itatuwa da kogi a kan shimfiɗar zinariya, babu mutum, babu dabba. Gobarar 1893 ta cinye kaso mai yawa na adon masallacin.

Labarin da ya fi dacewa da aji, a ganina, shi ne na Ƙurɗuba a Andalus. Halifa Hakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, ya so a yi wa mihrabin masallacinsa irin adon da kakanninsa suka yi a Sham, amma babu gwanin aikin a ƙasarsa. Sai ya aika wa sarkin Rum, duk da bambancin addini. Masanin tarihi Ibn Izari ya ruwaito cewa an turo masa gwani guda tare da ƙinɗari 320 na gutsattsarin gilashi, kuma Halifa ya haɗa shi da bayinsa domin su koya, har suka gwanance. Mihrabin yana nan har yau, ko da yake ginin ya koma majami'a tun 1236. To, amma sana'ar ba ta yi saiwa a Andalus ba. Kayan aikinta daga nesa suke zuwa, tsadarsu kuma sai fada. Da halifancin ya rushe a 1031, ba a sake yin aiki mai girman wannan ba.

Zallij kuwa da yumɓun gida ake yin sa. Ana gasa tayil mai sheƙi, kowane da launinsa guda, sai masassaƙi ya tsaga shi da guduma mai kaifi zuwa taurari da kusurwoyi. Daga nan a jera su a ƙasa a kife, a zuba shafe a bayansu, in ya bushe a ɗaga allon gaba ɗaya a manna a bango. Mai jerawa ba ya ganin launin abin da yake jerawa, da ka yake riƙe da zanen. Ana ganin gwanintar wannan aiki a makarantar Bu Inaniyya ta Fas, wadda aka gina a shekarun 1350, da fadar Alhamra ta Garnaɗa, kuma har yanzu yara suna koyon sa a gaban iyayen gidansu a Fas.

Saboda haka muna ba da shawarar a raba kalmomin biyu a manhaja, a bar fusaifisa'u ga aikin ƙwayoyin gilashi da dutse, zallij ga tsagaggen tayil. Malami zai iya nuna hoton Ƙubbatus Sakhra domin ɗalibai su ga bambancin gilashi da tayil a gini ɗaya: cikinta fusaifisa'un zamanin Abdulmalik ne, wajenta kuwa tayil ne, domin a ƙarni na 16 Sarki Sulaiman na Usmaniyya ya sa aka maye gurbin gilashin waje da ruwa da rana suka lalata.