Shekarar Kulle: Yadda Aka Rufe Jos Da Yadda Aka Buɗe Ta

Mu mutanen Jos ba baƙin dokar hana fita ba ne. Mun zauna a gida a rikicin Satumbar 2001, mun zauna a Nuwambar 2008, muka sake zama a Janairun 2010. Amma kullen 2020 daban yake. Babu ƙarar bindiga, babu hayaƙi, babu wata unguwa da ake gudu. Doka ɗaya ce ta hau kan Gangare da Tudun Wada da Rayfield da Bukuru, saboda wani ciwo da a lokacin ko mutum ɗaya ba a tabbatar yana ɗauke da shi a jihar ba.

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin ya zama annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare an sallami ɗalibai, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja daga daren 30 ga Maris. Sauran jihohi aka bar wa kowane gwamna ya yi abin da ya ga ya dace da jiharsa.

Gwamna Simon Lalong, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar gwamnonin Arewa, ya zaɓi kulle baki ɗaya. Daga daren Alhamis 9 ga Afrilu aka ce kowa ya zauna a gida har mako guda, domin a yi feshin magani a tituna da kasuwanni da tashoshin mota. Bikin Ista ya faɗo ranar 12 ga wata, a tsakiyar kullen, don haka maƙwabtanmu Kirista a gida suka yi shi, kamar yadda masallatanmu suka kasance a rufe ranar Juma'a. Terminus, inda a da sai an turereniya kafin a wuce, ta koma wayam. Wanda aka kama a waje ba da dalili ba, kotun tafi-da-gidanka ce ke jiransa, ko tara ko aikin share gari.

Daga nan aka shiga tsarin da ba za mu manta ba: a kulle mu kwanaki, a sake mu kwanaki a ƙarshen mako mu yi cefane, a sake kullewa. A takarda dabarar tana da ma'ana, domin ba a iya tsare mutum a ɗaki har abada ba tare da abinci ba. A kasuwa kuwa sai ta haifar da abin da ake gudu. Cinikin kwana bakwai aka matse cikin kwana biyu ko uku, sai Farin Gada da Katako da Kugiya suka cika fiye da jajibirin Salla, bankuna kuma layi har titi. Tazarar da ake ta wa'azi a rediyo babu wanda ya ga inda za a yi ta. Shi ma feshin titi, a watan Mayu Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ya hana yaɗuwar cutar, domin daga numfashin mutum take kama mutum, musamman a cunkoso.

Ranar 23 ga Afrilu aka sanar da kamuwar farko a Filato, daga cikin waɗanda suka shigo daga Kano. Washegari aka tashi da azumi. A daidai makonnin nan ne labarin yawan mace-macen dattawa a Kano ya cika ko'ina, kwanaki kaɗan bayan rasuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu. Babu gidan Bahaushen Jos da ba shi da dangi ko abokin ciniki a Kano, saboda haka waya ba ta huta ba. Wannan azumin babu tafsirin taro, babu tarawihin jam'i a manyan masallatai. Gwamnonin Arewa kuma suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali, aka yi ta jigilar yara a motoci daga wannan jiha zuwa waccan, wasunsu aka gano suna ɗauke da cutar bayan sun isa.

Ta fuskar lafiya, Filato ta yi sa'ar abu ɗaya da jihohi da yawa ba su da shi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take nan tun 1924, tana da ɗakin gwaji da ƙwararrun da suka saba bin diddigin ƙwayoyin cuta irin murar tsuntsaye. Hukumar NCDC ta saka ta cikin wuraren gwajin korona, sai aka daina jiran sakamako daga Abuja. An ware sassan killace marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da Asibitin Ƙwararru na jiha. Wannan ba shi ne karon farko da likitocin garin nan suka tari baƙuwar cuta ba. A 1969 a asibitin mishan da muke kira Jan Kwano aka yi jinyar waɗanda aka fara gano zazzaɓin Lassa a jikinsu, kuma a 1970 cutar ta kashe likitar asibitin, Jeanette Troup, bayan ta kamu a bakin aiki.

Buɗewar ma daki-daki aka yi ta. Gwamnatin tarayya, ta hannun kwamitin da Boss Mustapha ya jagoranta, ta fara sassautawa ranar 4 ga Mayu: hana yawon dare daga ƙarfe 8 zuwa 6 na safe, tilasta sa takunkumi, da hana tafiya tsakanin jihohi. Telolin garin nan suka koma ɗinkin takunkumi da ragowar atamfa. Ƙaramar Salla ta zo ranar 24 ga Mayu ba tare da shagalin da aka saba ba. A farkon Yuni aka shiga mataki na biyu, aka rage hana yawon dare zuwa daga ƙarfe 10 zuwa 4, kuma a cikin watan ne Filato ta janye kullen mako-mako. Ranar 1 ga Yuli aka buɗe hanyoyin jihohi, tashar Bauchi Road ta farfaɗo. Maniyyatanmu dai ba su je Hajji ba a shekarar. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma a farkon Agusta, suka fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga wata. Sauran yara sai wajen Oktoba. Ɗaliban Jami'ar Jos kuwa annoba da yajin aikin malamai suka haɗu a kansu, daga Maris har Disamba.

Abin lura shi ne, bayan an buɗe gari ne cutar ta fi bazuwa. A watannin Agusta da Satumba akwai ranakun da Filato ta fi kowace jiha yawan sababbin kamuwa a sanarwar NCDC. Wani ɓangare na dalilin shi ne ana gwaji a nan fiye da wurare da dama, kuma wanda bai auna ba ai ba zai ga komai ba. Amma a lokacin mutane sun gaji. Ɗan dako da mai tuƙa keke Napep da mai sayar da dankalin Turawa sun riga sun cinye jarinsu a watannin da cutar ba ta yi yawa ba. Manomin tumatir da kabeji ya ga kayansa sun ruɓe saboda babu mota. Da aka zo lokacin da takunkumi ya fi amfani, yawancinmu a haɓa muke rataye shi, wasu ma cewa suke cutar manya ce.

Ranar 24 ga Oktoba abin ya fashe. Ana tsakiyar zanga-zangar EndSARS, dubban mutane suka afka wa wani rumbun ajiyar abinci a Bukuru, har da masu hawa kan rufi suna yaye kwano suna jefo buhuna. Hoton ya zagaya duniya. Hukumomi a jihohin da aka yi irin wannan sun ce kayan na jiran rabo ne, jama'a kuma suka ce ɓoyewa aka yi. Ba a nan kaɗai aka yi ba, amma a nan gwamnati ta sake ƙaƙaba dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa da Jos ta Kudu. Ɗiban kayan da ba naka ba laifi ne, wannan babu ja. Sai dai duk wanda ya kalli taron nan ya ga Musulmi da Kirista, tsofaffi mata da samari, kafaɗa da kafaɗa. Yunwa ba ta tambayi addinin kowa ba.

A watan Disamba cutar ta dawo da ƙarfi, shi kansa Gwamna Lalong ya kamu, ya killace kansa. Allurar rigakafi ta iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, kusan ƙwaya miliyan 4 ta AstraZeneca, amma jita-jitar WhatsApp ta riga ta isowa.

Idan muka waiwaya, abin da ya riƙe mu a makonnin kulle ba daga sama ya zo ba. Maƙwabci ne da ya miƙo kwanon masara ta katanga, mai shagon da ya buɗe littafin bashi, da malaman da suka ce wa mabiyansu su yi salla a gida alhali wasu na zaginsu a kan haka. Ma'aikatan jinya kuma sun shiga ɗakin da danginsu ke roƙonsu kada su shiga. Doka takan rufe gari cikin dare ɗaya, amma ba ta zaunar da mai jin yunwa, kuma ba ta sa mutum ya gaskata wanda bai taɓa yarda da shi ba. Wata annobar za ta zo, ko Lassa da kan leƙo mu kowane rani, ko kwalara, ko wadda ba mu san sunanta ba tukuna. Jerin sunayen mabuƙata na kowace unguwa, da sanin juna tsakanin masu unguwanni da limamai da fastoci da asibitin da ke kusa, yanzu ne lokacin haɗa su, tun gari yana lafiya.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kiyaye mana garinmu.