Wutar da Ta Haifi Duwatsun Kagoro

Matafiyin da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ya juya gabas ya hangi duwatsun Kagoro sun tokare sararin samaniya, ga korayen itatuwa sun lulluɓe su, ga ƙoramu suna gangarowa, da wuya ya raya a ransa cewa asalin wannan ni'ima wuta ce. Amma ma'abota ilimin ƙasa sun tabbatar cewa fiye da shekara miliyan 150 da suka shuɗe, bisa ƙudurar Mahalicci, narkakken dutse ya tafarfaso daga ƙarƙashin ƙasa, wani ya fashe ya yi aman wuta da toka, wani kuwa ya daskare a ciki. Sannan ruwa da iska suka yi ta zaizayar saman a tsawon zamunna, har ya zamana abin da muke gani yau saiwar dutsen ce kurum, 'yar'uwar duwatsun Jos.

Wannan tsayi shi ke tare iskar damina mai tasowa daga kudu, shi ya sa ruwan nan ya fi na Zariya yawa. Kogunan dutsen kuma su suka zama mafakar mutanen Kagoro a zamanin hare-haren neman bayi, domin doki ba ya hawa inda akuya ke taka-tsantsan.

Sai dai mafi girman al'amari shi ne ma'adinin da wutar ta bari a jikin irin waɗannan duwatsu, wato kuza, wadda ruwa ya wanko ya jibge a kwazazzabai, baƙa, mai nauyi, tana kwantawa a gindin ƙwarya idan an rairaye yashi. Saboda ita Turawa suka ja reshen dogo daga Kafanchan zuwa Jos a 1927, ƙaramin ƙauye ya zama mahaɗar jirage, har masarautar Jama'a ta baro tsohon mazauninta ta dawo nan a 1933.

A ramukan kuzar nan ne, a ƙauyen Nok na ƙasar Jaba, aka tono wani kai na gasasshen yumɓu a 1928. A 1943 kuma aka sami wani kusa da Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye, kafin ya kai hannun wani masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg, wanda ya lura da kamannin kawunan biyu, ya fahimci cewa sana'ar wata al'umma ce da ta rayu a nan fiye da shekara 2,000 da suka shuɗe. Abin baƙin ciki, tun da kasuwar waɗannan kayan tarihi ta buɗe a Turai, masu tonon sata suka far wa kufayen, suka kwashe da yawa kafin malamai su auna zurfin da aka same su.