Ƙurajen leɓe: lokacin da ya kamata a ga likita

Ƙurajen leɓe wasu ƙananan ƙuraje ne masu ruwa da ke fitowa a gefen leɓe ko kewayen baki. Ƙwayar cutar bairus mai suna herpes simplex ce ke haddasa su, galibi nau'i na farko da ake kira HSV-1. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da wannan nau'in. Yawanci ƙurajen suna warkewa da kansu, amma akwai yanayin da bai kamata a yi jinkirin zuwa asibiti ba.

Yadda suke fitowa

Idan ƙwayar ta shiga jiki ba ta fita. Takan kwanta a cikin jijiyar fuska, sai wani abu ya tayar da ita, kamar zazzaɓi, mura, zafin rana, gajiya, damuwa ko jinin al'ada. Shi ya sa mutane da yawa ke ganinsu bayan zazzaɓin cizon sauro. Ana fara jin ƙaiƙayi ko zafi a wurin, daga nan ƙurajen su fito, su fashe, su yi ɓawo. Sukan warke cikin kwana 7 zuwa 10.

Lokacin zuwa asibiti

Ana shawartar mutum ya ga likita idan:

Ƙurajen sun kai kwana 10 ba su fara warkewa ba, domin yana iya zama wata cutar ce daban.
Sun yi girma, ko suna zafi sosai, ko suna yaɗuwa zuwa wasu sassan fuska.
Suna dawowa sau da yawa a shekara.
Dasashi ya kumbura kuma gyambo ya fito a cikin baki, musamman ga yaron da ya kasa ci da sha, saboda ruwan jikinsa na iya ƙarewa.
Garkuwar jikin mutum ta yi rauni, kamar mai cutar ƙanjamau, ko wanda ke karɓar maganin ciwon daji, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda.

Alamomin gaggawa

Idan ƙurajen suna kusa da ido, ko ido ya yi ja yana zafi, ko gani ya ragu, a tafi asibiti a ranar, domin ƙwayar tana iya lalata gani. Haka ma mai cutar ƙaiƙayin fata ta egzima, idan ƙurajen suka bazu a fatarsa. Ba kasafai ƙwayar ke kaiwa ƙwaƙwalwa ba, amma zazzaɓi mai tsanani tare da ciwon kai, ruɗewa ko jijjiga yana buƙatar kulawa nan take.

Jarirai sabbin haihuwa sun fi kowa shiga haɗari, musamman a makonni 4 na farko, kuma cutar tana iya kashe su. Mai ƙurajen leɓe kada ya sumbaci jariri. Idan jariri ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi laushi, a kai shi asibiti ko da ba a ga ƙurji a fatarsa ba.

Magani da kariya

Babu maganin da ke kawar da ƙwayar daga jiki. Magunguna irin su aciclovir da valaciclovir suna rage tsawon ciwon, kuma sun fi aiki idan aka fara su tun daga ƙaiƙayin farko. Maganin kashe bakteriya ba ya aiki a kan bairus. Har sai ƙurajen sun warke, a guji sumba da haɗa kofi, cokali ko tawul da wani, kuma a wanke hannu bayan taɓa wurin.