Sarauniya Mangu: daga bakin wa muka ji?

Duk wanda ya zauna bencin lakwal a ƙasar nan ya san sunan Sarauniya Mangu ta Lugu. Mun ji ta a aji, mun gan ta a talabijin, yau ma har lambar girma ta ƙasa ke ɗauke da sunanta. To kwanan baya ina cikin shiri kai tsaye, ina ta zuba labarinta, na ce ai tun tana jinjira uwarta ta rasu, wani mutum mai suna Dawa ya rene ta da nonon goɗiya. Sai wani dattijo ya bugo waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, wanga zance na nonon goɗiya, daga bakin wa ka ji shi?" Na ce, "Baba, a littafi na karanta." Ya ce, "Littafin wa?" Wallahi sai na saka kiɗa.

Da na koma gida na bincika, ashe daga littafin Abdoulaye Mamani na ɗauko shi, mai suna Sarraounia, wanda ya fito a 1980. Kuma littafin ƙagaggen labari ne, marubucin bai taɓa cewa kundin tarihi ya rubuta ba. Ni ne na kwashe shi tun ina lise, na ajiye a kai, na manta inda na samo.

Ga abin da ya tabbata. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Ranar 16 ga Afrilu ta auka wa Lugu, cikin Arewa, yankin Dogon Dutsi, inda Azna suka tsaya suka yi faɗa. A lissafin Nasaran da kansu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. A watan Mayu suka yi kisan Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da shi, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a wajajen Maijirgi. Pallier ya karɓi ragamar rundunar, shi da Joalland suka shiga Damagaram.

Amma ita Sarauniya kanta fa? Nan ne aikin yake. Abin da muka sani game da ita ta hanya uku ya iso gare mu, kuma kowace hanya da inda ta karkata. Akwai takardun sojan Faransa, da littafin da Joalland ya fitar a 1930, shekara 31 bayan faɗan. A nan ambatonta gajere ne, kuma da raini, tsohuwar matsafiya ya ɗauke ta. Mutumin da ya zo ƙone gari ne ke ba ka labarin mai garin, kuma abin da ya ji ma ta bakin tafinta ya ji. Akwai bakin mutanen Lugu da kewaye, inda Sarauniya sunan sarauta ce ta addinin gargajiya da mata ke gāda, ba sunan mutum ɗaya ba. Sai kuma Mamani, ɗan siyasa da ya sha gudun hijira da kurkuku, wanda ke son bai wa ƙasarsa jaruma. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986, a Burkina aka ɗauke shi, ya ci babbar kyautar Fespaco a 1987. Matashiyar jarumar da ke zuwa idonmu in an ambaci sunan, ta wannan fim ce.

Ban ga laifin Mamani ba ko kaɗan. Ba don shi ba, da yawanmu ƴan Maraɗi da Tawa da Damagaram ba mu san akwai wani gari Lugu ba. Laifin namu ne, mu masu makirfo da ƴan makaranta masu rubuta memwar, da ke haɗa hanyoyin nan uku cikin tukunya guda mu ce "tarihi ya nuna". Wane tarihi? Na sha ganin rubutun ƙannenmu ɗalibai, an kwaso sakin layi sukutum daga intanet, babu alamar buɗe magana, babu sunan mai ita, babu shafi. In ka bi sawu sai ka tarar shafin intanet ɗin ma daga fim ya kwaso.

Wani zai ce to miye a ciki, ai jarumarmu ce. Akwai abu a ciki. Yau akwai jikokin waɗanda aka kashe a Ƙonni da sauran garuruwa da ke neman Faransa ta amsa abin da sojanta suka yi. Ranar da ka kawo hujja goma, tara na gaskiya, guda ta ƙagaggen labari, da gudar nan za a kama ka a watsar da tarar.

Abin haushi, faɗin madogara ba baƙon abu ba ne gare mu, ba mushe ya kawo shi ba. Malamin zaure in zai kawo hadisi sai ya ce an karɓo daga wane, shi kuma daga wane. Kuma tun 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda yau ake kira CELHTO, zamanin su Boubou Hama, don a naɗi muryoyin tsofaffi a san wa ya faɗi, a wane gari. Abin da ake nema ga ɗalibi bai wuce haka ba. In kalmomin wani ka ɗauko yadda suke, ka kewaye su da alama, ka sa sunansa da shekara da shafi. In da bakinka ka sake faɗi, har yanzu tunaninsa ne, ka ambace shi. In tsohuwa ce ta ba ka labari a Lugu, ka rubuta sunanta in ta yarda, da garin, da ranar, da harshen da kuka yi magana, da wanda ya fassara. Ita ma madogara ce, daidai da Joalland, kuma sai an jera su biyun ne mai karatu zai ga inda suka saɓa.

Satin da ya biyo na buɗe shirin da gyara. Na ce zancen Dawa da nonon goɗiya a littafin Abdoulaye Mamani na 1980 na same shi, ranar 16 ga Afrilu kuma daga takardun Nasara take. Na roƙi duk ɗan Arewa da ya ji labarin daga bakin kakanninsa ya bugo ya faɗa mana, tare da sunan garinsu. Mutum uku suka kira. Dattijon nan bai sake bugowa ba.