Yadda Jirage Marasa Matuƙa Suka Iso Samaniyar Sabuwa

A kudancin Katsina, Sabuwa na maƙwabtaka da Birnin Gwari ta jihar Kaduna, Faskari na iyaka da Zamfara, Ƙanƙara kuma na bakin dajin Rugu. Daji ne mai duhuwa, hanyoyinsa sai babur, kuma ɓarayin da ke cikinsa sun fi soja sanin lungunansa. Wannan ne ya sa gwamnati ta koma neman idon da zai leƙa dajin daga sama.

Neman ya faro tun kafin rikicin 'yan bindiga. A 2003 Najeriya ta harba tauraron ɗan'adam na NigeriaSat-1, wanda aka ƙera a Ingila, sannan NigeriaSat-2 a 2011. Amma tauraro kan wuce ne ya ɗauki hoto, ba ya tsayawa ya bi sawun babur. Da yaƙin Boko Haram ya tsananta, sai aka buƙaci jirgin da zai yi sa'o'i yana shawagi a kan wuri guda.

A lokacin Amurka na cikin waɗanda ke kan gaba a wannan fanni, sai dai tana sayarwa da sharuɗɗa. A 2014 ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, bisa zargin sojoji da take haƙƙin ɗan'adam. Najeriya ta juya ga Sin, inda ta sayo jirage marasa matuƙa na CH-3, masu sauƙin kuɗi kuma ba a tambayar mai saye abin da zai yi da su. A 2020 aka ƙaro Wing Loong II. Daga baya Turkiyya ta shigo da Bayraktar TB2, wanda ya yi suna a yaƙin Libiya da na Azarbaijan. Shugaba Erdogan ya zo Abuja a Oktoban 2021, kuma Najeriya da Nijar duk sun sayi jirgin. A cikin gida ma an gwada: Jonathan ya ƙaddamar da Gulma a Kaduna a 2013, Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi a 2018. Amurka kuwa ta gina sansaninta na irin waɗannan jirage a Agadez, ta fara tashi daga can a 2019, ta kwashe kayanta a 2024 bayan juyin mulkin Yamai.

Kudancin Katsina ya shiga lissafin ne a Yulin 2020, lokacin da rundunar sojan ƙasa ta kafa babban sansani a Faskari ta ƙaddamar da Operation Sahel Sanity. Duk da haka, a daren 11 ga Disamban shekarar, 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora su a ƙafa cikin daji. An sako 344 bayan kwana shida, ta hanyar tattaunawa. Ko an hango inda aka ajiye yaran, ba a iya buɗe wuta a wurin da suke.

Su ma ɓarayin suna da nasu leƙen asirin, kuma ba ya cin kuɗi: wayar hannu da infoma a cikin gari. Shi ya sa a Satumban 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara. Matakin ya takura maharan, amma ya hana ƙauyawa kiran agaji, sai aka fara maido da sabis kafin ƙarshen shekarar.

Iyakar kyamara ta fito fili a Tudun Biri ta jihar Kaduna ranar 3 ga Disamba, 2023, inda jirgin soja maras matuƙi ya kai hari kan taron Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Daga sama ana ganin taro, ba a sanin ko na su wane ne. Wata biyu kafin haka, Gwamnan Katsina Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar Community Watch Corps, matasan da aka ɗauka daga garuruwan da ake kai wa hari, domin sun san wane ne baƙo, wane ne ɗan gari. Jirgin da aka sayo da miliyoyin daloli yana buƙatar irin wannan sani kafin hotonsa ya zama hujjar harbi.