Laftana Blackwood da Ranar Satiru

Daga Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato tafiyar kilomita wajen 90 ce, ta Illela da Gwadabawa. In ka wuce birnin ka nausa kudu kamar kilomita 20, za ka iske kufan Satiru, inda wani hafsan sojan Ingila, Laftana Blackwood, ya gamu da ajalinsa ranar 14 ga Fabrairu, 1906. Kada mutumin Ƙonni ya ɗauka labarin wata ƙasa ne. Yarjejeniyar 1898 ta ba Ingila duk abin da ke cikin da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, har da Ƙonni, kafin ta 1904 da ta 1906 su mai da ita hannun Faransa. Shi kansa makahon malamin da ya hura wutar Satiru, wanda ake kira Ɗan Makaho, daga ƙasar Zabarma ya gudo bayan Faransawa sun murƙushe boren Kobkitanda.

Satiru gari ne na talakawa da malamai da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, masu jiran bayyanar Mahadi, sun ƙi Nasara, sun ƙi sarakunan da suka bi Nasara. Da labari ya iso Sakkwato cewa sun auka wa wani ƙauye maƙwabci, Razdan Burdon ya riga ya kama hanyar hutu. Mai riƙon kujerarsa, Hillary, ya fita da mataimakinsa Scott da likita Ellis, Blackwood kuma na jagorantar sojan doki kamar 70.

Da suka hango garin, Blackwood ya sa sojoji suka sauka suka ja daga mai kusurwa huɗu, dawaki a tsakiya. Shi kuwa Hillary ya yi gaba, da nufin ya yi magana da mutanen. Blackwood ya ga Hillary ya yi nisa, ga jama'a na kwararowa, sai ya ba da umarnin a matsa don a kare shi. Nan aka yi ɓarnar. Dagar ba ta gama haɗuwa ba Satirawa suka rufto da gatura da fartanyu da kwari da baka. Dawaki suka firgita suka tattake layi, bindigar Maxim ba ta yi amfani ba, ta ma faɗa hannun Satirawa. Aka kashe Hillary da Scott da Blackwood da sojoji baƙar fata 25. Ellis ya tsira da rauni.

Ba na jin akwai mai adalcin da zai hana Blackwood yabon jarunta. Ya iya tsayawa inda yake ya tsira, amma ya ƙi ya zuba ido a kashe ɗan'uwansa, ya kuma mutu nesa da danginsa. Sai dai abin da ya kawo shi mamaya ce, mutanen da ya nufa da bindiga kuma a ƙasarsu suke. Abin da ke ci mini rai shi ne littattafai suna jera sunayen Turawan nan uku, sojoji 25 da suka faɗi a gefensu kuwa adadi kawai ake ambata, alhali su ma suna da uwaye.

Ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Lugga, shugaban mulkin Ingila a Arewacin Nijeriya, ya tattaro runduna, ranar 10 ga Maris Manjo Goodwin ya auka wa Satiru da sojoji fiye da 500. An ƙiyasta mutum 2,000 suka mutu, aka kwashe mata da yara, aka ƙone garin ƙurmus. Jikokin waɗanda suka ga abin da hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka yi wa Ƙonni a watan Mayun 1899 ba sa buƙatar a yi musu bayanin irin wannan rana.

Aka kama Ɗan Makaho aka kashe shi a kasuwar Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a Satiru, Ingila kuma ta ba shi lambar girma. Aka tuɓe Sarkin Gwandu bisa zargin ya goyi bayan Satirawa. Marafan Gwadabawa, Muhammadu Maiturare, wanda ya tsaya wa Turawa da mahayansa a kwanakin tsoron, shi ya hau gadon Sarkin Musulmi a 1915.